Makarantar Da Ke Bakin Ruwa: Dausayin Haɗeja Da Amanar Da Ke Wuyan Malami

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu, malamin firamare, ya gabatar a taron reshe na farkon zangon karatu na biyu. Mun buga shi kamar yadda ya gabatar, bisa roƙon waɗanda suka halarta.)



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu a wannan wuri cikin ƙoshin lafiya. Shugaban reshe, ranka ya daɗe. Sakatare da sauran shugabannin ƙungiya, iyayenmu malamai da suka ajiye alli bayan doguwar hidima, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, da iyalanmu da suka zo taya mu zama, ina yi muku barka da zuwa, da barka da sanyi.

Da Shugaba ya aiko mini cewa ni zan yi magana a yau, na san abin da da yawa daga cikinmu za su so su ji, wato batun albashi da ƙarin girma da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Waɗannan batutuwa suna da masu su, kuma sun fi ni iya faɗarsu. Ni na roƙi izini in yi magana a kan wani abu da ke bayan makarantunmu, muna wuce shi safe da yamma, amma ba kasafai muke shigo da shi aji ba. Ina nufin dausayin Kogin Haɗeja, da halittun da ke cikinsa, da wanda ya kamata ya koya wa yaranmu darajarsa.

Bari in fara da ranar da wani yaro ya ba ni kunya. Shekarun baya, a irin wannan lokaci na hunturu, wani ɗan aji biyar ya tsaya bayan an tashi, ya buɗe hannunsa ya nuna mini wani ɗan zobe na ƙarfe. Ya ce a ƙafar wata ƙaramar agwagwa aka same shi, wadda ta faɗa cikin kallin mahaifinsa. A jikin zoben akwai lambobi da sunan wani birni na ƙasar Turai. Mahaifin ya ce a tambayi Malam, shin laya ce, ko kuwa agwagwar tana da mai ita? Na juya zoben nan a hannuna, na rasa abin faɗa. Ni da na fito daga Kwalejin Ilimi ta Gumel, na haddace manyan kogunan duniya da tsawonsu, sai ga shi na kasa bayanin abin da ya fito daga ruwan da ke bayan ajina. Na ce wa yaron ya bari sai gobe. Goben nan ta ɗauke ni mako biyu ina tambaya, kafin na gane cewa masana ne suke sa wa tsuntsaye irin wannan zobe a ƙasashensu, domin su san inda suke zuwa idan sun yi ƙaura. Ashe agwagwar nan baƙuwa ce, ta ƙetaro teku da Hamadar Sahara, tafiyar da ta wuce kilomita 4,000, ta zo cin rani a wurinmu.

Tun daga ranar na fara neman sanin wurin da aka haife ni. Ga kaɗan daga abin da na koya, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka fi ni sani.

Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Ya bi ta Wudil da Ringim, ya gangaro ta Auyo, ya iso mana. Daga nan ƙasar ta zama shimfiɗaɗɗiya, ga kuma tsofaffin tuddan yashi, irin jigawar da jiharmu ta samo sunanta, sun gitta masa a hanya. Saboda haka sai kogin ya kasa tafiya a hanya ɗaya, ya rarrabu: ga tsohon Kogin Haɗeja, ga Burum Gana, ga mashigin Marma da ke kai ruwa Tafkin Nguru, ga kuma reshen Kafin Hausa. Can wajen Gashuwa ruwan ya sake taruwa, ya haɗu da na Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe mai zubawa a Tafkin Cadi. Wannan rarrabuwar ita ce ta haifar da tafkuna da fadamu da tsibirai da masana suke kira dausayin Haɗeja da Nguru.

Kowannenmu ya san abin da muke ci daga wannan ruwa. Idan ya cika, a shuka shinkafa. Idan ya fara janyewa, a bi laimarsa da wake da rogo da kankana. Da rani a ɗora injin ban-ruwa a yi alkama da tattasai da albasa da tumatir. Masunta su kama tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da bargi, a ƙyafe a loda mota zuwa kudu. Makiyaya su sauko da shanu su ci burugu a lokacin da ko'ina ya bushe. Mata su yanko kaba su saƙa tabarma da faifai, yara su tsinko goruba da bado. Har rijiyar garin da ke nesa da kogi tana shan albarkacinsa, domin ruwan da ya kwanta a fadama shi ne yake nutsewa ya cika na ƙarƙashin ƙasa. Babu ɗalibi ɗaya a rajistarmu, daga Guri zuwa Kaugama, daga Birniwa zuwa Kafin Hausa, da kuɗin littafinsa bai ratso ta wannan ruwa ba.

Su ma tsuntsaye abin da ya kawo su ke nan. An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 370 a wannan dausayi. Wasu 'yan gida ne, kamar kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela. Wasu baƙin cikin Afirka ne, kamar shamuwa, wadda take zuwa mana gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, sannan ta koma kudu idan ruwa ya ɗauke. Wasu kuwa daga Turai da arewacin Asiya suke, suna gudun sanyin da ke daskarar da tafkunansu. Bayan sun ƙetare Sahara, dausayi irin namu yana cikin wurare na farko da za su sami ruwa da abinci. Suna isowa bayan damina, su zauna har wajen watan Maris, su juya. A yanzu haka da nake magana suna nan, dubbai, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga wannan zaure.

Mutanen nesa sun riga mu lura da wannan. A shekarar 1987 aka kafa Shirin Kiyaye Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ofishinsa yake Nguru. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, waɗanda ba riba suke nema ba, suka haɗa hannu da gwamnati: ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila RSPB, da gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya NCF, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya kafa a Legas a 1980. Dakta Muhtari Aminu-Kano, wanda daga baya ya shugabanci NCF, yana cikin waɗanda suka jagoranci aikin. Sun auna ruwa, sun ƙidaya tsuntsaye, sun zauna da manoma da masunta, sun kuma shiga makarantu. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya tako har Dagona a ƙasar Bade domin ya ga tsuntsayen nan da idonsa.

Bayan haka sunan wurin ya ci gaba da ɗaukaka. Akwai yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971 domin kare dausayoyi. Wuri na farko da Nijeriya ta shigar ƙarƙashinta, a shekarar 2000, shi ne Tafkin Nguru da mashigin Marma. A 2008 aka ƙara da Dagona da kuma namu na Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin jerin wuraren da take girmamawa saboda zaman mutum da halittu tare, kuma a ƙarshen wannan shekarar Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗaga gandun Baturiya ya zama gandun daji na ƙasa.

Ga wani abu da ya kamata ya tsaya mana a rai. NCF tana da wani gandu a Lekki, can Legas, wanda ta buɗe a 1990. Faɗinsa hekta 78 ne kacal, amma makarantu suna cika motoci da ɗalibai su biya kuɗi su kai su, domin su ga biri da kada da tsuntsu. Dausayin Baturiya, yadda aka rubuta shi a yarjejeniyar Ramsar, ya wuce hekta 100,000. Ina roƙon kowa ya tambayi kansa: a cikin yaran da suka gama aji shida a hannunsa, nawa ne suka taɓa zuwa Baturiya da sunan karatu?

Ban kawo wannan tarihi don in yi alfahari da baƙi ba. Na kawo shi ne don in faɗi abin da na ɗauka shi ne gundarin maganata. Ina aji huɗu ko biyar, a farkon shekarun 1990, wasu ma'aikata suka zo makarantarmu da mota, suka kai mu bakin tafki, suka ba mu madubin hangen nesa muna karɓa ɗaya bayan ɗaya. Har gobe ina tuna yadda dinya ta matso kamar in miƙa hannu in taɓa ta. Allah Ya saka musu da alheri. Amma yini ɗaya suka yi da mu. Haka aikin kowace ƙungiya yake, yana da wa'adi, yana da iyakar kuɗi, motarsa ba za ta isa kowane ƙauye ba. Baƙo raɓa ne. Wanda yake tare da yaron nan shekara shida, kwana biyar a mako, shi ne ni da ku. Idan ilimin dausayi bai shiga bakin malamin firamare ba, to zai tsaya a allon sanarwa da ke bakin hanya, da rahotannin da aka rubuta da Turanci aka ajiye a Abuja da Legas. Gandun da maƙwabtansa ba su san amfaninsa ba kuwa, ko an zagaye shi da masu gadi, kwanansa ƙidayayye ne.

Na san tambayar da za a yi mana, domin an riga an yi mini ita. Wani dattijo, mahaifin ɗalibata, ya tare ni a kasuwa ya ce: "Malam, na ji kana koya wa yara son tsuntsu. Kai ka taɓa kwana a gona kana korar jan baki?" Tambayarsa a kan hanya take. Duk wanda ya ga garken jan baki ya sauka a shinkafar da ta fara nuna, ya ga yara sun bar aji sun tafi kaɗa gwangwani tun asuba, ba zai raina wannan magana ba. Idan muka shiga aji muka ce tsuntsu abin tausayi ne, manomi azzalumi, to mun yi ƙarya, kuma iyaye za su janye mana 'ya'yansu. Abin da ya dace mu koyar shi ne yadda al'amuran suke sarƙe da juna. Ku ba ni dama in warware sarƙar kamar yadda nake yi wa 'yan aji shida.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 aka gama ta Calawa. An kuma gina shingen ruwa a nan kusa da mu domin noman rani na yankin Auyo. Waɗannan ayyuka suna da amfani, Kano tana shan ruwa, Kadawa tana noma, mu ma muna noma. Sai dai sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan cika ya tumbatsa da damina, ya share hanyarsa da ƙarfinsa, sannan ya ƙafe da rani. Masana sun ƙiyasta cewa a shekarun 1960 zuwa 1970 ruwa yakan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000, amma bayan madatsun da farin da aka sha fama da shi, sai ya koma tsakanin 70,000 da 100,000. Kuma maimakon ya ƙafe da rani, sai ya zama ana sako shi kaɗan-kaɗan duk shekara. Ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa shi ne abin da kacala take so. Ta yaɗu, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da ya rasa hanya ya karkata, ya kwanta a gonakin wasu shekara da shekaru, wasu kuma a ƙasa suka wayi gari babu ko ɗigo. Masunci ya rasa inda zai jefa birgi. Sauro ya sami gida, katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ta sami gida. Jan baki kuma, ina yake kwana, ina yake ƙyanƙyasa? A cikin kacalar nan.

Kun ga ke nan, abokin gabar dattijon nan da abokin gabar agwagwar da ta zo daga Turai ɗaya ne. Agwagwa tana son buɗaɗɗen ruwa mai bado, manomi yana son hanyar ruwa a buɗe, masunci haka, makiyayi haka. Ba na musun cewa kirinjijiya da dinya suna taɓa shinkafa. Amma shamuwa da balbela fara suke ci, kuma gubar da ake fesa wa jan baki ba ta tambayar sunan tsuntsu kafin ta kashe shi. Har ma akwai binciken da aka yi a farkon shekarun 1990 a ƙarƙashin shirin nan na Nguru, aka kwatanta amfanin ruwan da aka bari ya malala a fadama, ta fuskar noma da kifi da itace, da amfanin irin wannan ruwa idan aka tsare shi a babban aikin ban-ruwa na Kogin Kano. Sakamakon ya nuna na fadama ya fi, nesa ba kusa ba. Yaron da ya san wannan, idan ya girma ya zama kansila ko injiniya ko ɗan majalisa, zai san abin da zai faɗa a ranar da ake rabon ruwa. Wanda bai sani ba, sai a raba yana zaune yana tafi.

To, me za mu iya yi, mu da ba mu da mota, ba mu da madubin hangen nesa? Zan faɗi abubuwa huɗu da na gwada, kuma babu wanda ya ci mini kuɗin da ya wuce na littafin rubutu.

Na farko, littafin ruwa. A ware littafi ɗaya a aji. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa a gari, da ranar ruwan farko, da ranar da kogi ya iso, da ranar da ya fara janyewa, da ranar da agwagin baƙi suka bayyana. Inda makaranta take kusa da ruwa, malami ya kafa sanda mai alamun awo a gefe, a riƙa dubawa duk mako daga kan tudu. Da waɗannan alƙaluma za a koyi tarawa da ɗebewa da zanen jadawali, ba sai an aro misalin lemo da tufa daga littafi ba. Bayan shekara biyar, makarantar tana da tarihin ruwan garinta wanda babu shi a kowane ofis. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022, lokacin da azuzuwanmu da yawa suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora, sun san darajar a ce gari yana da masu lura da hawan ruwa.

Na biyu, taskar sunaye. A aiki kowane yaro wurin kakansa ko kakarsa, ya kawo sunan tsuntsu biyar da kifi biyar da ciyawa biyar, da abin da aka sani game da kowanne. Yankinmu Allah Ya yi masa arzikin harsuna, akwai Hausa da Fulatanci da Badanci da Manganci. A rubuta duka a jere. Da na yi wannan, wata yarinya ta kawo sunan gauraka, ta ce kakarta ta ce a da har cikin gonarsu yake sauka yana rawa. Na tambayi aji wa ya taɓa ganinsa, babu hannu ko ɗaya. Tsuntsun nan mai tukku kamar zinariya ya yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya, saboda kamun da ake yi masa don sayarwa da lalacewar wuraren da yake ƙwai. Haka ungulu, wadda a da ba a raba ta da mahauta, yau sai a yi wata ba a ga ɗaya ba. Idan halitta ta ɓace, sunanta yakan bi ta, karin maganar da aka gina a kanta ta zama ba ta da ma'ana ga yaro. Don haka wannan aiki darasin Hausa ne kafin ya zama na kimiyya.

Na uku, a gayyato masu sani. Sarkin ruwa na gari ya zo aji ya yi bayanin dalilin da ya sa magabata suke hana su a wasu tafkuna sai lokaci ya yi, da ɓarnar da kalli mai ƙananan idanu yake yi wa 'ya'yan kifi, da yadda dumba take tare hanyar ruwa idan aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba. Ardo ya zo ya yi bayanin burtali da mashaya. Mai saƙar tabarma ta nuna yadda ake yankan kaba ba a kashe uwar ba. Waɗanda suka yi aikin gayya na share kacala su faɗa wa yara dalilin da ya sa ake yanke ta a ƙarƙashin ruwa: ta ganyenta take shaƙar iska zuwa saiwa, idan ruwa ya rufe kututturen sai ta shaƙe ta mutu. Wannan kimiyya ce tsantsa, kuma daga bakin iyayensu za su ji ta. Da ɗan gari akan ci gari.

Na huɗu, fita sau ɗaya a shekara, tsakanin Disamba da Fabrairu, zuwa Baturiya ko tafkin da ya fi kusa. Gani ya kori ji. Amma a nan ina jan kunnenmu, domin 'ya'yan mutane amana ne. Sai da izinin iyaye da shugaban makaranta da hukumar ilimi, kuma a sanar da ma'aikatan gandu da mai gari. Kada yaro ya shiga ruwa, saboda tsargiya. Kada ya taɓa mataccen tsuntsu, domin murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006 kuma tana dawowa. Kada a loda yara a kwalekwale, a tsaya a tudu. A tafi da sassafe, a yi shiru, a bar danƙo a gida. Kuma kada a ce fitar ta maza ce. Yarinyar da za ta ɗebo ruwa, ta nemo itace, ta ƙyafe kifi, ta fi kowa haƙƙin sanin inda waɗannan abubuwa suke fitowa da abin da zai iya ƙarar da su.

Ina jin wani yana cewa a ransa: Malam, ajina yara tamanin ne, rabinsu a ƙasa suke zaune, wata bai kai ƙarshe ba aljihu ya riga shi, yanzu kuma za ka ɗora mini tsuntsaye? Ɗan'uwa, ajina ma haka yake. Ba sabon darasi nake kawowa ba, kuma ban ce a ƙara ko minti ɗaya a jadawali ba. Kimiyya da nazarin zamantakewa da aikin gona da lissafi da Hausa suna nan a manhaja. Abin da nake roƙo shi ne mu sauya misali, mu ɗauko na bakin ƙofa. Ni dai na shaida, ranar da na fara koyar da sarƙar abinci da fara da balbela da shaho, yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba su ne suka hana ni magana. 'Ya'yan masunta da na makiyaya, waɗanda muke yi wa kallon marasa ƙoƙari, ranar su ne malamai. Yaron da ya ga abin da ya sani yana da daraja a makaranta, ba ya saurin guduwa daga makaranta.

Ranka ya daɗe Shugaba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina gabatar wa wannan reshe buƙatu uku, in an ga sun dace a tattauna su.

Ɗaya, a kafa ɗan ƙaramin kwamiti, malami ɗaya daga kowace shiyya, har da mata, wanda zai tattara sunayen da yara suka kawo da bayanan littattafan ruwa, a riƙa buga kaɗan-kaɗan a wannan mujalla tamu, har Allah Ya sa wata rana su zama littafi.

Biyu, reshe ya rubuta takarda da sunansa zuwa ga NCF, wadda take da ƙungiyoyin kare muhalli a makarantu a sassan ƙasar nan, da hukumar da ke kula da gandun Baturiya, da ma'aikatar muhalli ta jiha. Kada mu roƙi riguna da huluna. Mu roƙi a horar da malamai, ko na kwana biyu ne, a ba mu hotunan tsuntsaye masu sunayen Hausa, a kuma ba mu aron madubin hangen nesa da zai riƙa zagaya makarantu. Akan ƙidaya tsuntsayen ruwa a watan Janairu, mu nemi a riƙa tafiya da malami ɗaya ko biyu. Takardar malami ɗaya tana iya kwana a aljihun tebur, amma ta ƙungiya da wuya.

Uku, ranar 2 ga Fabrairu ita ce ranar dausayi ta duniya, tunawa da yarjejeniyar Ramsar, kuma saura 'yan makonni. Kowace makaranta ta ba da rabin sa'a a taron safe. Ba a buƙatar rumfa ko babban baƙo. Yaro ɗaya ya karanta sunaye, dattijo ɗaya ya yi bayani, a sa ranar da za a dasa gabaruwa ko goruba idan damina ta faɗi.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda zai sare bishiyar gandu nan da shekara goma sha biyar, da wanda zai hana a sare, da wanda zai sa hannu a takardar sakin ruwa, dukansu yau suna zaune a gabanmu da allo a cinya. Iyayenmu sun karɓi wannan ruwa da kifinsa da gaurakansa, suka miƙo mana shi da ɗan ragi. Abin da za mu miƙa wa na baya, da yawansa ya danganta da abin da muka faɗa a aji.

Yaron nan mai zobe ya girma, yana su tare da mahaifinsa, yana kuma karatu. Kwanan baya muka haɗu, ya ce mini yanzu idan agwagwa ta faɗa kallinsa da rai, yakan duba ƙafarta, ya rubuta lambar in akwai, ya sake ta. Na ce me ya sa? Ya ce: "Malam, ai kai ka ce baƙuwa ce." Zoben yana nan a akwatin allina, duk wanda yake son gani ya same ni bayan an tashi.

Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda na yi kuskure, iyayena da yayyena da ke nan su gyara mini. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya da fari, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu gama da alli lafiya.